Amsoshin Tambayoyinku: Da wane ƙarfi Aljeriya ke shiga tsakanin ƙasashe?

Tambayar wannan mako ta fito daga wani mai karatu a Agadas, ga abin da ya rubuto: "Assalamu alaikum. Lokacin da sojoji suka karɓi mulki a Nijar a 2023, mun ji Aljeriya ta fito ta ce ba ta yarda a kawo mana yaƙi ba, har ta gabatar da shawarar sulhu. Ba a jima ba kuma sai muka ji an janye jakadu, ana ta musayar zafafan kalamai. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, Aljeriya ba Amurka ba ce, ba China ba ce. Da wane ƙarfi take shiga tsakanin ƙasashe, kuma me take samu idan ta shiga? Don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka ta taɓo abin da masana harkokin duniya ke kira matsakaitan ƙasashe, wato waɗanda ba su kai manyan nan biyar masu kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba, amma sun fi ƙarfin a raina su. Aljeriya tana cikin wannan sahu. Ita ce ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin ƙasa, tana da mutane fiye da miliyan 45, tana da mai da iskar gas, tana da soja masu yawa da kayan aiki. Idan ta yi fushi maƙwabta za su ji a jikinsu, amma ba ta isa ta ba duniya umarni ba. Ƙasa irin wannan ko dai ta laɓe bayan wata babba ta ci albarkacinta, ko ta nemo wani aiki da manyan ke buƙata amma ba sa iya yi da kansu. Aljeriya hanya ta biyu ta ɗauka, kuma dalilin yana cikin yadda aka haife ta.

Daga 1954 zuwa 1962 ƙungiyar FLN ta yaƙi Faransa don neman 'yanci. A fagen daga Faransa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, shi ya sa shugabannin gwagwarmayar suka gane da wuri cewa sai sun kai ƙararsu gaban duniya. Wakilansu sun halarci taron Bandung a Indunisiya a 1955, suka kafa gwamnatin gudun hijira a 1958, suka yi ta zarya a Majalisar Ɗinkin Duniya har batun Aljeriya ya zama abin kunya ga Faransa. Wato sun koyi diflomasiyya tun kafin su mallaki ƙasa. Da 'yanci ya samu sai suka riƙe wasu ƙa'idoji: kada wata ƙasa ta tsoma baki cikin harkar wata, a bar iyakoki yadda aka gada daga Turawa, kowace al'umma da ke ƙarƙashin mulkin mallaka tana da haƙƙin zaɓa wa kanta makoma, kuma ba a ba baƙo sansanin soja. A 1973 birnin Aljiyas ya karɓi taron ƙolin ƙasashen 'yan ba-ruwanmu. A 1974 ministan harkokin wajenta, Abdul'aziz Bouteflika, shi ya shugabanci Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma a zamansa ne aka dakatar da wakilan gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu daga zauren, aka kuma ba Yasir Arafat damar yin jawabi.

Inda za ka ga ainihin amsar tambayarka shi ne abin da ya faru tsakanin Iran da Amurka, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ranar 4 ga Nuwamban 1979 ɗalibai suka mamaye ofishin jakadancin Amurka a Tehran. An saki wasu daga baya, amma mutum 52 suka ci gaba da zama a tsare. Amurka ta rufe dukiyar Iran da ke bankunanta, ta yanke hulɗa, ta aika sojoji su kuɓutar da mutanen a Afrilun 1980, yunƙurin ya wargaje a hamada. Duk ƙarfin Amurka bai fito da mutum ɗaya ba. Zuwa ƙarshen 1980 ɓangarorin biyu sun gaji, kowa yana son a gama, amma akwai cikas iri biyu. Shugabannin juyin juya halin Iran ba za su zauna teburi ɗaya da Amurka ba, balle su sa hannu a takarda ɗaya da ita, don mutanensu ba za su yafe musu ba. Sannan babu wanda ya yarda ya fara motsawa: Iran na tsoron ta saki mutane kuɗinta ya maƙale, Amurka na tsoron ta saki kuɗi a riƙe mata mutane.

Iran ta amince da Aljeriya saboda tarihin gwagwarmayarta, har ita ta ba wa amanar kula da muradunta a Washington bayan an yanke hulɗa. Amurka kuwa ta san Aljeriya ba 'yar amshin shatan Tarayyar Sobiyet ba ce, kuma tana ciniki da ita. Sai jami'an Aljeriya ƙarƙashin ministan harkokin waje Muhammad Siddik Benyahia suka yi ta kai-komo da saƙo. Wakilin Amurka Warren Christopher yana Aljiyas, na Iran suna Tehran, ba su haɗu ba. Dubi dabarar da aka yi. An rubuta sulhun a matsayin sanarwar gwamnatin Aljeriya, kowane ɓangare ya ce ya amince da abin da Aljeriya ta faɗa, don haka babu wanda ya sa hannu kai tsaye da abokin gabarsa. Kuɗin kuma, kusan dala biliyan 8, aka zuba shi a wani asusu a Bankin Ingila da sunan Babban Bankin Aljeriya, da sharaɗin ba za a taɓa shi ba sai Aljeriya ta shaida cewa mutanen sun bar Iran. Likitocin Aljeriya ne suka duba lafiyarsu, jirgin Aljeriya ne ya ɗauko su ranar 20 ga Janairun 1981, bayan kwana 444, a daidai ranar da Ronald Reagan ya karɓi mulki daga Jimmy Carter. An kuma kafa wata kotu a birnin Hague don warware basussukan da ke tsakanin ƙasashen biyu.

Kai da ke Agadas ka san dillali a kasuwar dabbobi. Bai fi mai raƙumi dukiya ba, bai fi mai saye ƙarfi ba, amma a hannunsa ake ajiye kuɗi, kuma da bakinsa ake cewa an sallama. Jarinsa shi ne duka biyun sun yarda ba zai gudu da abin kowa ba. Wannan aikin Aljeriya ta yi, kuma babbar ƙasa ba za ta iya yin sa ba. Da Sobiyet ce ta shiga, Amurka za ta ƙi. Da Ingila ce, Iran za ta ƙi. Rashin girman Aljeriya shi ya sa ba wanda ya ji tsoron za ta karkatar da sulhun ya zama nata.

Sai dai wannan matsayi yana da iyaka, kuma iyakar ta fito fili tun kafin nan. A Maris ɗin 1975, a gefen taron OPEC a Aljiyas, Shugaba Houari Boumediene na Aljeriya ya haɗa Sarkin Iran da Saddam Husaini, wanda a lokacin mataimakin shugaban Iraƙi ne, suka daidaita kan iyakar kogin Shattul Arab. Duniya ta yaba. Kurdawan Iraƙi kuwa su suka biya farashin, don Iran ta janye musu tallafi nan take, tawayensu ya rushe. Bayan shekara biyar Saddam ya yi watsi da yarjejeniyar ya auka wa Iran, aka yi shekara takwas ana yaƙi. Aljeriya ba ta da abin da za ta hana shi da shi. Benyahia kansa a wannan hanya ya rasu: a Mayun 1982 aka harbo jirginsa kusa da iyakar Iran da Turkiyya yana kan hanyar neman sulhu. Haka ma yarjejeniyar da Meles Zenawi na Habasha da Isaias Afwerki na Eritiriya suka sa wa hannu a Aljiyas ranar 12 ga Disamban 2000. Ta tsayar da yaƙin da ya ci dubban rayuka, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma da hukumar shata iyaka ta ba Eritiriya garin Badme a 2002, Habasha ta ƙi ficewa, aka zauna a haka har 2018. Matsakaiciyar ƙasa tana iya kai mutane ga sa hannu. Tilasta musu cika alkawari kuwa yana buƙatar kuɗi ko ƙarfin da ba ta da shi.

Ka tambayi me take samu. Ba don Allah kawai take yi ba, kuma babu ƙasar da ke yi don haka. Suna mai kyau yana ba ta damar yin ciniki da kowa ba tare da an tilasta mata zaɓen gefe ba. Mafi yawan makamanta daga Rasha take saye. Kamfanin China ne ya gina babban masallacin Aljiyas. Bututunta na kai gas Italiya da Sifen, kuma bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022 ta zama babbar mai sayar wa Italiya gas a madadin Rasha. Da Amurka kuma tana musayar bayanan tsaro. Akwai wani mataki da ba a cika ambata ba alhali yana da nauyi: a 2006, da kuɗin mai ya yi albarka, ta biya mafi yawan bashin da ake bin ta a waje tun wa'adi bai cika ba. Ta ɗanɗana ɗacin sharuɗɗan masu ba da lamuni a shekarun 1990, lokacin da yaƙin basasa ke cin ta, ta ga cewa wanda ake bi bashi ba ya iya ɗaga murya. Da wannan 'yanci ne ta gabatar da ƙudurin tsagaita wuta a Gaza a Fabrairun 2024, tana riƙe da kujerar wucin gadi a Kwamitin Sulhu, duk da ta san Amurka za ta hau kujerar na-ƙi, kuma ta hau.

To me ya sa abin da ya yi aiki tsakanin Tehran da Washington ya ƙi aiki a Bamako da Yamai? A ganina amsar ita ce nisa. A rikicin Iran da Amurka, Aljeriya ba ta da komai a ciki. A Sahel kuwa ita ma mai ruwa da tsaki ce.

Fara da Maroko. Ita da Aljeriya sun gwabza yaƙin iyaka a 1963. Tun 1975 Aljeriya ke goyon bayan ƙungiyar Polisario mai neman 'yancin Yammacin Sahara, tana kuma riƙe da 'yan gudun hijirar yankin a Tinduf. Iyakar ƙasa tsakaninsu a rufe take tun 1994, a Agustan 2021 kuma Aljeriya ta yanke hulɗar jakadanci gaba ɗaya. Ƙasar da ta sasanta mutane a nahiyoyi daban-daban ta kasa sasantawa da maƙwabciyarta ta yamma, kuma wannan gaba tana bin ta duk inda ta sa ƙafa a Afirka.

Mali ta fi rikitarwa. Abzinawa suna zaune a ɓangarorin biyu na iyaka, dangi ɗaya ne, auratayya ɗaya, hanyoyin fatauci ɗaya. Duk wutar da ta kama a Kidal ta Mali, hayaƙinta yana isa Tamanrasat ta Aljeriya. Shi ya sa kusan duk sulhun da aka yi a arewacin Mali da hannun Aljeriya a ciki: na Tamanrasat a 1991, na 2006, da babban nan na 2015 da aka tattauna a Aljiyas aka sa hannu a Bamako. A Nijar ma tana cikin waɗanda suka shiga tsakani, tare da Burkina Faso da Faransa, har aka kai ga sulhun 24 ga Afrilun 1995, ranar da kuke tunawa duk shekara a matsayin ranar haɗin kan ƙasa. Abin da Aljeriya ke so a kullum shi ne kada arewacin Mali ya ɓalle, don kada nata Abzinawan su yi sha'awa, kuma kada a murƙushe shi da ƙarfi, don kada 'yan gudun hijira da masu makami su kwararo mata. Harin da aka kai cibiyar gas ta In Amenas a Janairun 2013, inda ma'aikata da dama suka mutu, ya nuna cewa tsoron nata yana da tushe.

Sojojin da ke mulki a Bamako sun kalli abin ta wata fuska. A wurinsu yarjejeniyar 2015 ta bar 'yan tawaye da makamansu da yankinsu, ta ɗaure wa gwamnati hannu. Da suka samu jirage marasa matuƙi daga Turkiyya da mayaƙan Wagner daga Rasha, sai suka ga ba sa buƙatar mai shiga tsakani. Suka ƙwace Kidal a Nuwamban 2023. A Disamba Shugaba Abdulmajid Tebboune na Aljeriya ya karɓi Imam Mahmud Dicko, wanda ke sukar gwamnatin sojan, Bamako ta fusata. A Janairun 2024 Mali ta ce yarjejeniyar ta mutu, ta zargi Aljeriya da katsalandan. Sannan a daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025 sojojin Aljeriya suka harbo jirgin Mali maras matuƙi kusa da Tinzawatan, a kan iyakarsu. Aljeriya ta ce ya keta mata sararin samaniya, Mali ta ce ƙarya ne. Nijar da Burkina Faso suka bi Mali saboda ƙawancen AES da ya haɗa ƙasashen uku, aka janye jakadu. Wannan shi ne janye jakadun da ka ji.

Game da Nijar kuwa, bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ECOWAS ta yi barazanar amfani da soja. Aljeriya ta yi Allah wadai da juyin mulkin, amma ta ce yaƙi barazana ce gare ta kai tsaye, tana nuni da abin da ya biyo bayan harin NATO a Libiya a 2011. Ministanta Ahmad Attaf ya zagaya Nijeriya da Benin da Ghana, sannan a ƙarshen Agusta ya gabatar da shawarar riƙon ƙwarya na wata shida ƙarƙashin farar hula. A Oktoba Aljiyas ta sanar cewa Yamai ta karɓi tayin shiga tsakani. Yamai ta mayar da martani cewa taron ƙasa ne kaɗai zai yanke tsawon riƙon ƙwarya, sai maganar ta tsaya nan. Ni dai ina ganin ƙin yaƙin da Aljeriya ta yi daidai ne. Duk wanda ya san yadda Katsina da Maraɗi, ko Kano da Damagaram suke, ya san a kan wa wannan yaƙi zai faɗa. Ba ita kaɗai ta hana shi ba, don sanatocin Nijeriya sun ƙi, malamai da sarakunan Arewa sun je Yamai, amma muryar ƙasa mai iyakar kusan kilomita dubu da Nijar ta yi tasiri.

Akwai kuma abin da kai ka fi ni gani da ido, kuma ba zan tsallake shi ba. Shekaru da yawa jami'an Aljeriya suna kwaso baƙin haure 'yan Afirka ta Yamma, ciki har da 'yan Nijar, mata da yara, wasu a sauke su a hamada su taka kimanin kilomita 15 zuwa Assamaka a Nijar. Kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, amma yadda ake yin wannan aikin ya ɓata wa Aljeriya suna a wurin talakawan da take cewa 'yan'uwanta ne. Wanda aka zubar da ƙanwarsa a rairayi ba zai saurari tarihin Bandung ba. Ƙasar da amana ce jarinta tana yi wa kanta asara da irin wannan.

Abin lura shi ne wanda ya cike gurbin. Togo, wadda ba ta kai Aljeriya komai ba, ita ta shiga tsakani har Mali ta saki sojojin Kodebuwa da ta tsare a 2022, ita kuma ta karɓo Salem, ɗan hamɓararren shugaban Nijar Bazoum, a Janairun 2024. Togo ba ta da iyaka da Mali ko Nijar, ba ta da Abzinawa, ba wanda ke zarginta da ɓoye 'yan tawaye. Ita ma tana da abin da take nema, don tashar jiragen ruwa ta Lome na cin moriyar kayan ƙasashen Sahel, amma buƙatarta ba ta tsorata sojojin ba. Maroko ma ta shigo da tayin ba ƙasashen Sahel hanyar zuwa Tekun Atlantika, wanda kowa ya san har da Aljeriya ake nufi da shi.

Kada ka ɗauka an gama da Aljeriya a yankin nan. Jakada yana tafiya ya dawo, amma iyaka ba ta tashi. Kasuwannin arewacin Nijar da arewacin Mali sun daɗe suna dogaro da taliya da garin alkama da man fetur da ke gangarowa daga Tamanrasat. Hanyar motar da aka tsara daga Aljiyas zuwa Legas ta Agadas da Damagaram da Kano take bi. Sannan ga bututun gas na ratsa Sahara, mai tsawon kimanin kilomita 4,000, da zai ɗauki gas ɗin Nijeriya ya bi ta Nijar zuwa Aljeriya, daga nan Turai. An sa hannu a kansa a Abuja a 2009, aka sabunta alkawari a 2022, ministocin ƙasashen uku kuma suka sake zama a Aljiyas a Fabrairun 2025, makonni kaɗan kafin a harbo jirgin nan. Maroko tana tallata nata bututun da zai bi gaɓar teku daga Nijeriya. Na Aljeriya ya fi gajarta, amma dole ya ratsa ƙasar Nijar, don haka Aljiyas tana buƙatar Yamai kamar yadda Yamai ke buƙatar ta. Idan kana son sanin inda dangantakar ta dosa, ka sa ido kan maganar wannan bututu da kan yadda ake mu'amala da matafiya a Assamaka.